Wandon da Baba Ya Ce a Je a Taɓa

Allah ne ya ara mana shi, kuma shi ya karɓi abinsa. Surukina, mahaifin maigidana, wanda duk unguwar Jarwal ta nan Makka ke kira Baba, ya rasu bayan sallar azahar, ana dab da fara shigowar alhazai. An yi masa salla a Harami, aka kai shi maƙabartar Ma'ala. Ni ina ciki tare da mata, don haka abin da zan faɗa na zaman makoki, wani da kunnena na ji ta bayan labule, wani kuma facalata, matar yayan maigidana, ita ta ji ta gaya mini.

Mai kawo mana ruwa, wani Bazabarme, ya sauke garewaninsa a ƙofa ya zauna a ƙasa. Aka miƙa masa gahawa, ya ƙi karɓa. Abin da ya ce kawai: "Tunda nake zuba ruwa a randar gidan nan, bai taɓa barina na fita ba sai ya tambayi kafaɗata."

Mai gidan burodin bakin layi, Balarabe ne ɗan gari, ya zo da gari a gemunsa. Ya ce, "Allah yarhamu. Wannan shaiba, dattijon nan, ya hana ni cin naman kowa a unguwar nan. Wallahi sai in tara magana tun safe, in na hango shi sai in haɗiye."

A ɗakinmu na mata kuwa, akwai wata tsohuwa da suka keto Sudan tare da marigayiya uwar maigidana. Ta yi kuka har ta gaji. Can sai ta share ido da gefen mayafi ta ce, "To jama'a, yanzu wa zai ce mana mu je mu taɓa wando?" Sai ɗakin ya ɗauki dariya, ana yi ana hawaye. Wata baƙuwa da ta zo daga Kano da wuri don aikin haji ta dube mu ɗaya bayan ɗaya, ta ce, "Subhanallahi. Wane irin wando kuma a gidan mutuwa?"

Saboda ita, da kuma jikokinsa waɗanda Larabci ya fi zama a bakinsu fiye da Hausa, na ce bari in zauna in rubuta, kada maganar ta rage alhali ba a san mai ita ba.

Baba Bakano ne. Da ƙuruciyarsa, tun kafin Turawa su shiga Kano, ya bi fatake zuwa kudu. Suna kai duwatsun wuya da tufafi, suna sayo hauren giwa. Tafiya ta yi tafiya har ta kai shi bakin teku, wani wuri da babban kogi ke shiga ruwan gishiri, ya zauna can 'yan shekaru. Daga baya ne ya koma gida, ya yi aure, ya ɗauko hanyar gabas a ƙafa, ta Chadi da Sudan, suna tafe suna noma a gonakin mutane, har Allah ya kawo su nan. Gidanmu na Jarwal da garewani ya fara shi, ya fasa su ya yi bango. A hankali ya mayar da shi na dutse, ɗaki bayan ɗaki, har da bene. Sana'arsa a nan ita ce ɗaura carbi. Yana zaune a ƙofar gida da zare a baki, alhaji ya kawo wanda ya tsinke, ya gyara masa. Ya ce hannun da ya saba da duwatsun wuya bai sha wahalar koyon carbi ba.

Ni a matsayina na suruka ban taɓa zama gabansa in yi hira ba. Labaransa ta bayan ƙofa nake jinsu, ina tsintar shinkafa, shi kuma yana ba maza bayan la'asar. Amma na wandon nan na ji shi har na haddace inda yake tsayawa ya yi tari.

Ya ce a bakin kogin nan akwai Turawa iri biyu. Bafaranshe yana kan gaɓa, da gidansa da 'yan sojojinsa. Ɗaya kuma mutumin Isbaniya ne, waɗanda mutanen bakin teku ke kira Fanya, haka shi ma Baba yake kiransu har ya rasu. Shi Bafanyen yana kan wani ɗan tsibiri. Tsakaninsu, in ka ɗaga murya da kyau, za a ji ka. A lokacin ƙasashen nasu biyu ba su gama yanke iyaka ba. Kowace na cewa bakin kogin nata ne, kowace ta aiko mutuminta da umarni ɗaya: kada ka yi faɗa, amma kada ka ɗauke ido.

Baba ya ce bai taɓa ganin mutane masu ladabi da juna kamar su ba. Bafaranshe ya aika da kifi, Bafanye ya mayar da lemo. Wannan ya tambayi lafiyar sarkin wancan, wancan ya tambayi lafiyar manyan wannan. Da yake Baba ya iya harshen mutanen wurin, kuma yana kai haja gidajen biyu, sai ya zama shi ke ɗaukar saƙo a kwalekwale. Ya ce da zarar ya ajiye kwandon, sai a jawo shi gefe: "Me ka gani? Sojoji nawa? Sun sare itace? Wa ya zo wurinsa?" Ya koma ɗaya gidan, tambayar ke nan, ko harafi ba a canza ba.

Akwai wani ƙauyen masunta a kan wani tudu a tsakaninsu. Turawan biyu sun yi alkawari babu wanda zai kafa tutarsa a can sai manyansu sun gama magana. Sarkin ƙauyen ma, in ji Baba, yana da tuta biyu a akwati, kowa ya ba shi tasa a ɓoye, shi kuma ya ajiye su tare yana jiran ya ga wadda za ta yi amfani. To kukun Bafaranshe a ƙauyen yake da mata. Wata rana matar ta yi wa sojoji wanki, ta ɗaura igiya a jikin wani dogon gora, ta shanya shuɗin wando, kusa da shi farar taguwa, kusa da ita jar ɗamara. Iska ta taso. Bafanye ya ɗauko madubin hangen nesa daga tsibirinsa, ya hango shuɗi da fari da ja suna kaɗawa a kan tudu. Tutar Faransa ke nan.

A nan Baba yake tsayawa ya yi tari, ya bar mutane su gama dariya.

Ya ce Bafanye ya sa aka kira shi. "Kai, me ke kan tudun nan?" Ya ce, "Shanya ce, ranka ya daɗe. Wando ne da riga." Bafanye ya dube shi ya ce, "Nawa suka ba ka?" Baba ya shiga kwalekwale ya je ya gaya wa Bafaranshe abin da ake ciki, yana zaton za a yi dariya. Shi kuma ya ɓata rai ya ce, "Ya san wando ne. Dalili yake nema ya kafa tasa. Kai ma shi ya turo ka." Kowa ya zauna ya rubuta wa ƙasarsa. Kwanaki suka shuɗe, jirgin yaƙi ya zo ya tsaya a bakin kogi, bayansa na ɗaya ƙasar ya zo. Ba a harba ko harsashi ba. Shugabannin jiragen ma sun ziyarci juna sun ci abinci. Amma aka hana kwalekwale fita, kowane ɓangare na cewa masunta leƙen asiri suke yi wa ɗayan. Kasuwa ta mutu. Mutanen ƙauyen suka kwashe kayansu suka shige daji, sarkin ya bar akwatin tutocinsa a ɗaki. Shi ma Baba gidajen biyu suka rufe masa ƙofa, ya tattara abin da ya rage masa ya kama hanyar arewa.

"Wandon nan fa," in ji shi, "tun ranar ya bushe aka kwashe shi. Da ɗayansu ya shiga kwalekwale ya je ya taɓa shi da hannunsa, da garin nan yana nan."

Daga nan maganar ta fito. Kuma ba a baki kaɗai ya riƙe ta ba. Baba ba ya sauraron ƙarar wanda ba ya wurin. In ka fara, sai ya ajiye carbi, ya laluba takalminsa. Na tuna ranar da mai gidan burodi ya zo yana cewa mai ruwa yana rage masa garwa, yana kai wa wasu cikakkiya. Baba ya ce, "Tsaya, ya mu'allim, kada maganar ta huce." Ya tafi da sandarsa har bakin famfon unguwa, ya riƙo hannun mai ruwan, ya kawo shi. "To ga shi. Maimaita." Mai burodi ya fara kame-kame: "La, la, ya ammi, baffana, ni wasa nake yi." Baba ya ce, "Ba wasa kake yi ba, ɗazu har jijiyar wuyanka ta tashi. Duba garwar." Aka duba, ashe ɗaya ce ke yoyo a gindi, kuma gidan burodi ne ƙarshen hawa, kafin a kai can ruwan ya rage. Mai ruwan ya ji haushi ya yi kwanaki ba ya gaishe da Baba, shi ma mai burodin haka. Baba bai damu ba. Ya ce ya saba gida biyu su rufe masa ƙofa.

Ya taɓa yin saɓani da amininsa, wani dattijo Basakkwace mai karantar da yara a masallacin layinmu. Malamin ya ce masa, "Haba Alhaji, a garin Allah, ga Harami can ana hangowa, kai kullum labarin wandon Nasara?" Baba ya ce, "Wandon na Nasara ne, Malam. Zargin kuwa irin namu ne, na gan shi a layin nan jiya." Malamin ya ce, "To in mutum ya je ya taɓa, ya tarar tutar ce da gaske fa?" Baba ya ja zare da haƙori ya ce, "Ai sai ya huta. Ya san da wa yake, ya yi magana a kan abin da hannunsa ya taɓa." Suka yi mako ba sa zama tare. Daga baya carbin malamin ya tsinke, ko kuma ya tsinka shi da kansa, Allah masani, ya kawo gyara.

Alherinsa a kaina ba na surutu ba ne. Shekarar da na yi doguwar jinya bayan haihuwa, ba na iya hawa bene, ya kwashe kayansa ya bar mini ɗakinsa na ƙasa mai sanyi, ya koma kwana a zaure, ya ce shi dama iskar zaure yake so. A tsakiyar zafin Makka. Bai taɓa tayar da maganar ba, ni ma kunya ba ta bar ni na gode masa da baki ba.

Wurin da maganinsa bai ci ba shi ne cikin gidansa. 'Ya'yansa maza biyu ne suka rayu: Babba, wanda nake kira Yaya, da Auta, maigidana. Yaya yana aiki da wani muɗawwifi, mai saukar da alhazai, kullum tunaninsa ɗakin da za a zuba baƙi. Maigidana tela ne, kekensa na ɗakin gaba mai ƙofa a kan layi, kuma shi ke ɗinka wa umda, wato mai unguwa, rigunansa. Ban san ranar da abin ya fara ba. Maigidana ya sa a ransa Yaya yana so ya fitar da shi daga shagon, daga nan ya fitar da mu daga gidan. Yaya kuma ya sa a ransa wannan shiga da fita gidan umda, takardar gida ake nema da sunan Auta. Abin da muke tsoro ni da facalata shi ne katanga. An sha ambatarta: a raba tsakar gida biyu, a fasa wata ƙofar, yaran da suka tashi a kwano ɗaya kowa ya kama gefensa. Mun san Baba ne kawai ya tare ta.

Amma in ka gan su ba za ka ce akwai komai ba. "Yaya, an tashi lafiya?" "Lafiya lau, ya aiki?" Ran Juma'a in na yi tuwo sai an kai sama, in facalata ta yi shinkafa da nama sai an sauko da ita. Mu ke ɗaukar kwanon. In na dawo sai maigidana ya ce, "Wa kika tarar? Na ji kamar muryar muɗawwifi." Ita ma in ta koma a tambaye ta ko ta ga yaron umda a shago.

Baba ya sha zaunar da su gabansa. "Babba, ga ƙanenka. Auta, ga yayanka. Ku faɗa." Sai su sunkuyar da kai, baki ɗaya: "Babu komai, Baba." In sun tashi sai in ji yana magana shi kaɗai: "Faransa da Fanya. Na baro su a bakin teku, ashe sun rigaye ni Makka."

Sau ɗaya ya taɓa yi mini magana a kan wannan. Ina saukowa da kwano, yana alwala, bai ɗago kai ba. Ya ce, "'Yar nan, ki kai tuwo, ki dawo da kwano. Kada ki dawo da komai bayan kwanon. Na yi aikin nan kafin a haifi ubanki, ba ya ƙarewa da kyau." Na ce, "To, Baba." Tun daga ranar, in aka tambaye ni me na gani, sai in ce na ga facalata tana lafiya.

Ciwonsa bai daɗe ba. Ƙafafu ne suka fara kumbura, sai abinci ya fita ransa. Mun zaci zai tara su ya sa su yi alkawari. Bai yi ba. Da malamin nan amininsa ya ce masa ya bar wasiyya a kan gidan, sai ya ce, "Alkawarin da aka yi don idona, da idona za a binne shi." Ya roƙi gafarar kowa, har da mai ruwa, ya sa aka mayar wa mutane carbinsu da bai gama ba. Shi ke nan.

An tashi daga zaman makoki, washegari da hantsi sai ga jakuna a ƙofa. Aka shiga sauke duwatsu a tsakar gida, ga magini da igiyar awo, ga Yaya tsaye yana nuna masa. Maigidana yana leƙe ta tagar shago. Ya juyo fuskarsa ta canza.

"Kin gani? Ko tabarmin makoki ba a naɗe ba. Hau wurin matarsa ki ji mini abin da ake ciki."

Na ce, "Malam, ni ban san aikin dutse ba. Ga dutsen can, ga yayanka a kansa."

Ya ce, "Ke ma maganar wandon za ki yi mini?"

"Ni ban ce komai ba."

Ya ajiye almakashi ya fita. Ina tsaye a bakin ƙofa, na ga facalata ita ma ta leƙo daga bene. Ya je ya ɗora tafin hannunsa a kan dutsen da ke sama, kamar mai jin zafin jikin yaro.

"Yaya, wannan na mene ne?"

Yaya bai ɓoye ba. "Na katanga ne."

"Don me?"

"Don jiya an gan ka gidan umda. Ƙasar kabarin Baba ba ta bushe ba."

"Na je. Rigarsa na kai, na yi masa godiyar zuwa gaisuwa. Takardar gida kake nufi, ko? Yau faɗe ta da sunanta."

"Ita nake nufi."

"To sa takalminka. Mu je ka tambaye shi ina tsaye."

Na zaci Yaya zai ce babu komai. Sai na ga ya sa takalmi. Suka fita, ɗaya a gaba ɗaya a baya, suka bar magini riƙe da igiya. Da suka dawo babu mai fara'a a cikinsu. Facalata ta ce daga baya umda ya wanke su tas, ya ce shi bai san wata takarda ba, kuma su ji kunyar gemunsu. A tsakar gida maigidana ya tsaya ya ce, "Saura tawa. Shagon nan, kana so ka fitar da ni?"

"Wa ya ce? Kwanakin haji kaɗai na so ka hau da keken sama, in zuba tsofaffin da ba sa iya hawa bene."

"Me ya hana ka faɗa?"

"Kai me ya hana ka tambaya?"

Magini ya gaji ya ce, "Ya jama'a, in gina ko in tafi? Rana tana yi."

Facalata ce ta amsa daga sama, ita da ba ta ɗaga murya gaban maza. Ta ce, "Duk shekarar da aka yi ruwa, ambaliya ta ƙofar nan take shigowa. Baba ya yi ta faɗa a ɗaga dokin ƙofar, kowa yana jiran ɗan'uwansa."

Can aka kai duwatsun. An ɗaga bakin ƙofar, abin da ya rage aka yi dakali a inda Baba yake zama.

Ba zan ce sun zama kamar ba a taɓa yin komai ba. Hajin da ya biyo baya maigidana ya hau da kekensa sama yana ta mita, Yaya kuma ya riƙe shagon ya wuce kwanakin da ya faɗa, har sai da aka yi cacar baki. Amma a tsakar gida aka yi ta, da rana, kowa na ji, babu wanda ya aike ni. Tsakar gidan tana nan guda ɗaya, igiyar shanyarmu ni da facalata ma guda ce.

Dokin ƙofar ya yi tsawo, duk baƙon da ya zo sai ya yi tuntuɓe. Har yau Yaya na cewa Auta ne ya sa magini ya ƙara jeri ɗaya, shi kuma yana cewa Yaya ne. A kan dakalin Baba suke zama suna wannan musun.

Allah ya jiƙan Baba, ya sanyaya makwancinsa kamar yadda ya bar mini ɗakinsa mai sanyi. Ya haɗa shi da maƙwabtan da ba sai an kai saƙo tsakaninsu ba. Mu kuma in tamu ta zo, Allah ya sa mu cika da imani.